Ƙwallon da Na Miƙa da Hannu Biyu

Ranar wata Alhamis, a shekara ta huɗu da samun mulkin kai, lokacin da ake ɗaurin damman hatsi a gonaki, aka kafa gumagumen giginya biyu a bayan makarantarmu ta Tawa. A wancan zamani ba a karatu ran Alhamis, amma malaminmu Mushe Sidiku (Mushe muke ce wa malamin boko, daga Faransanci) ya ce duk ɗan aji shida ya zo da kwando ko tsohuwar tasa, wanda ya ƙi kuwa ya san sauran. Tun da hantsi muke tsince duwatsu, muna jido jar ƙasa daga kwari, muna yayyafa ruwa muna daɓewa da tafin ƙafa, har ƙafafunmu suka koma kamar an ƙunsa musu lalle. Da la'asar wani maƙeri ya iso da zobba biyu na ƙarfe da ya yanko daga tsohuwar gangar mai. Ya ɗaga kai ya dubi inda aka ce ya kafa su, ya tambayi Mushe wace irin dabba ce za a ɗaure a can sama. Aka ja layuka da toka. Sannan Mushe ya kwance buhu ya fito da ƙwallo wanda ya ninka duk wani ƙwallon tsumma da muka taɓa harbawa, ya ja da baya ya jefa, ya faɗa cikin zoben bai ko taɓa ƙarfen ba. Ya ce sunan wasan ƙwallon kwando, kuma ba a sa masa ƙafa. Mu dai muka dubi juna, don kwandon nasa ba shi da gindi.

Ni ba ɗan birni ba ne. An haife ni a wani ƙauye kan dutse arewa da Barmu, inda gona rabi ƙasa ce rabi tsakuwa, kuma tun da na iya tafiya aikina shi ne bin awakin mahaifiyata. Ranar da aka zo ɗaukar yara boko ba wanda ya san shekarata, sai mai rubutu ya dubi tsayina, ya buɗe bakina ya duba haƙora kamar mai cinikin ɗan akuya, ya rubuta abin da ya ga dama. Ya ƙara mini shekara biyu, ni kuwa har daɗi na ji da aka ce na girmi sa'o'ina. Makarantar ƙauye ta tsaya a aji huɗu, don haka aka kawo ni Tawa aka damƙa ni hannun Baba Lawali, mutumin Damagaram da ke aiki a gidan waya, wanda ya saba sayen ragon layya wurin babana. Ba dangi muke ba, ko na nesa. Alheri ne kawai ya sa ya karɓe ni, kuma mahaifiyata ta tabbatar na san haka. Ranar tafiya ta kama kunnena ta ce, "Asumana, gidan da kaka cin tuwo, ɗiyansu sun hi ka ko da kai ka girme su. Kak ka tare musu hanya, kak ka ɗaga musu hannu." Na ji maganar, kuma abin takaicin shi ne na ji ta da kyau.

A gidan Baba Lawali ba wanda ya taɓa zagina. Da sassafe ina ɗebo ruwa daga famfon unguwa, gwangwani biyu a rataye da sanda bisa kafaɗa, in share zaure, in zuba wa rago harawa, in goge keken Baba kafin ya fita, sannan in sha fura in ruga makaranta. Ɗansa Umaru yana ajin farko na kwaleji, ya girme ni da shekara ɗaya a gaskiya, ko da yake a takarda ni ne babba. Umaru ba mugu ba ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Shi ya ba ni wandon da na fara shiga aji da shi, shi ya koya mini hawan keke a ɓoye. Amma kwano ɗaya muke ci, kuma ban taɓa kai hannu wajen nama ba sai ya ɗauka. In muna tafiya ina bayansa da taki ɗaya. In muka yi kiciɓis a zaure nakan manne da bango har ya wuce, kuma Yaya nake ce masa. Shi bai taɓa neman haka daga wurina ba, ina ma jin bai lura ba, don mutum ba ya lura da ƙofar da kullum yake samunta a buɗe.

Mushe Sidiku Bazabarme ne daga bakin kogi, siriri, Hausarsa a karkace, kuma a makarantar horon malamai ya koyo wasan. Tun ranar farko ya ce jefa ƙwallo kowane wawa zai iya koya, abin da shi zai koya mana shi ne tsaro, wato hana abokin karawa wucewa. Nan fa ya gamu da mu ƴan Adar, mutanen ƙasar Tawa. Mu da muka buɗe ido a dandalin kokawa, da ya ce a tare mutum, sai yaro ya cafke ƙugun abokinsa, ya sa masa ƙafa ya maka shi da ƙasa, ya miƙe yana jiran kirari. Mushe ya busa usur har jijiyoyin wuyansa suka fito. Ya ce ba kamu, ba turi, ba bugun hannu, ba sa ƙafa, kuma wanda ya yi laifi biyar ya fita ya zauna. Wani yaro mai baki, Illa, ya tambaye shi to da mi za a tare mutum, ko da addu'a? Mushe ya ce da sauri: ka riga shi isa inda zai bi, ka dasa ƙafafunka ka tsaya cik, in ya banke ka laifinsa ne ba naka ba. Ya nuna mana yadda ake lanƙwasa gwiwa kamar mai jan guga a bakin rijiya, ana jan ƙafa gefe-gefe ba tare da an harɗe su ba, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa. Yakan ce, "Kada ka kalli ido, ido maƙaryaci ne. Kalli cibiya. Inda cibiya ta nufa, nan mutum zai tafi."

Wasu sun ɗauki watanni kafin abin ya shiga jikinsu, ni kuwa cikin sati biyu na gane ba sabon abu ake koya mini ba. Wanda ya taɓa tsare akuya mai ɗan banzan wayo a bakin gonar wake ya san ba binta ake yi ba, tare mata gaba ake yi, kuma ba kanta ake kallo ba, don kai yana nan ƙirji yana can. Jifata ba ta da kyau, in na jefa goma da ƙyar uku su shiga, amma wanda aka ce in tsare ya shiga uku. Nakan liƙe masa ba tare da na taɓa shi ba har ya gaji ya jefar da ƙwallon inda ya ga dama. Yara suka sa mini suna Shinge. Ban taɓa samun wani abu da na fi kowa iyawa ba sai wannan, kuma na so shi har yana hana ni cin abinci.

Da ya ga mun fara kama hannu, sai Mushe ya ce saura zuciya. Wai tsaro a fili shiru kowa gwani ne, ranar da jama'a suka taru ne ƙafa ke mantuwa. Ya tara ƙananan yara ya ba su gwangwanaye da sanduna, suka kewaye filin suna kaɗawa suna ihu, ya kuma ba su izinin yi mana ba'a iya son ransu, banda zagin iyaye. Ni mai kai kamar tulu suke ce mini, da ɗan ƙauye mai warin akuya. Wani lokaci ya sa mu riƙe tsakuwa a kowane hannu don kada mu yi kamu, wani lokaci ya ce saura laifi ɗaya a fitar da kai, mu gani ko za ka firgice. Maganarsa kullum ita ce in ka ji zuciya ta tashi, ka sauke gwiwa, ka ja numfashi ta hanci, ka manta da wanda ya wuce ka ɗazu, ka tsare wanda ke gabanka yanzu. Duk wannan bai dame ni ba. Ihun yara ba ya kai kukan tsuntsaye a gonar hatsi. Da yamma ƴan kwaleji sukan zo mu haɗu, har da Umaru, wanda hannunsa ya iya jifa ƙwarai, amma da yake tare muke isowa daga gida ɗaya, kullum ɓangare ɗaya ake sa mu. Shi yana ci, ni ina tsarewa. Don haka ba wanda ya san inda shingen yake da ɓaraka, har ni kaina.

Ana cikin haka, wajen tsakiyar shekara, shugaban makaranta ya kira ni ofis. Ya buɗe takarda ya ce shekaruna sun wuce waɗanda doka ta yarda a shiga jarrabawar kwaleji da su. Na ce ba nawa ba ne, ƙari aka yi mini. Ya ce ya sani, amma takarda ba ta jin Hausa. Ke nan in damina ta zo karatuna ya ƙare. A gida kuwa an riga an yanke: in ba boko, da an gama girbi zan bi kawuna Ada mu tafi bida, wato cin rani, zuwa Kurmi, can ƙasashen bakin teku inda samarin Adar ke zuwa dako. Na san waɗanda suka tafi, na ga yadda suke dawowa da rediyo a hannu da wuya a sanƙare. Sati guda ban je fili ba. Mushe Sidiku ya zo har zauren Baba Lawali ya same ni, ya ce akwai ƙofa ɗaya da ba ta duba shekara. Wani jami'in wasanni zai zo daga Yamai bayan wata biyu ya ɗauki yara biyu daga Tawa, a kai su a horar da su su zama masu koyar da wasa, da ci da kwana da karatu. Ya ce masu jifa sun yi yawa ko'ina, mai tsaro irina ne ba a samu. Wata biyun nan na yi su ina jan ƙafa gefe-gefe har a hanyar famfo, ruwa na zuba, mata na dariya.

Ranar ta faɗo Asabar da la'asar, cikin zafin bazara. An sake ja layuka da sabuwar toka, an jera kujeru a inuwar dogon yaro don manya, ƴan gari sun cika ko'ina har kan katanga, wani ma ya zo da kalangu ba wanda ya gayyace shi. A kujerun gaba na hango Baba Lawali da farar rigarsa, na yi mamaki, don ba ya barin gidan waya da wuri. Baƙon na Yamai gajere ne mai tabarau da ɗan littafi a hannu. Bai tambayi Mushe yadda muka saba rabuwa ba. Ya zaɓi mu goma, ya jera mu bisa tsayi, ya raba mu ɗaya nan ɗaya can, ya ce kowa ya tsare wanda ya yi daidai da shi. Mu biyu ne dogaye. Na ɗaga kai na ga Umaru tsaye a gabana yana murmushi.

Aka busa. Ƙwallo ya zo hannun Umaru, na sauke gwiwa, na dubi cibiyarsa, na san hagu zai bi tun kafin shi ya sani. Ƙafata ta isa wurin. Amma da ya matso sai na ji jikina ya karkace da kansa, kamar yadda yake yi a zaure, ya wuce ya jefa. Na ce kuskure ne. Na biyu ya tsaya a gabana zai jefa, abin da ake bukata kawai in ɗaga hannu a fuskarsa, hannun ya tashi ya kai kafaɗa ya tsaya. Ubansa yana zaune yana kallo, furar gidansu ce a cikina, wandonsa ne a jikina. Sau shida ya wuce ni kafin hutu, ni da ba a wuce ni sau biyu a wuni. Ƴan gwangwani na da sun fi jama'ar nan ihu, amma wannan abin ba daga waje yake ba, ballantana in ja numfashi ya tafi.

Da hutu Mushe ya ja ni gefe, fuskarsa ta yi baƙi, ya tambaye ni ko ciwo nake yi.

Na ce, "Mushe, tuwonsu nika ci."

Ya kama kafaɗuna ya ce, "Cikin layin nan ba wa, ba ƙane, ba mai gida. Riga kawai kake tsarewa. Asumana, in ba ka tare shi yau ba, Kurmi za ka."

Na koma da niyya, Allah ya sani. Umaru ya taho a guje da ƙwallo, na ƙi kallon fuskarsa, na riga shi wurin, na dasa ƙafafuna na tsaya cik yadda aka koya mini. Ya banke ni da ƙirji, ya koma baya ya faɗi zaune, ƙura ta tashi. Usur ya yi ƙara, baƙon ya nuna Umaru da yatsa, laifinsa ne, ƙwallo namu ne. Jama'a suka ɗauki sowa suna kiran Shinge, mai kalangu ya saki kiɗa. Tsaro mafi kyau da na taɓa yi a rayuwata ke nan. Amma ni abin da na gani shi ne ɗan mai gidana a ƙasa, gwiwar hannunsa ta goge tana jini, kuma ni na kayar da shi a gaban ubansa da dukan gari. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Ina kakkaɓe masa ƙura ina cewa ya yi haƙuri. Baƙon ya zo ya ɗora mini ƙwallo a hannu don in fara wasa, ni kuwa ina durƙushe, na juya na miƙa wa Umaru shi da hannu biyu, kai a sunkuye, yadda ake miƙa wa babba ƙwaryar ruwa.

Sai dariya ta fashe a filin. Har kan katanga ana tuntsurawa. Mushe Sidiku ya juya baya ya dafe kai. Baƙon ya dube ni ta saman tabarau, ya rubuta wani abu gajere a littafinsa. Abin da ya rage na wasan ban iya tunawa ba, na dai san ina cikin fili ina gudu kamar kowa, kuma ban sake tare ko iska ba. Da aka tashi aka kira suna biyu, Umaru da Illa mai baki. Daga baya Mushe ya gaya mini abin da baƙon ya ce da Faransanci, wai bai ga ƙafa irin tawa ba a duk yawonsa, amma ba zai iya kai mutum Yamai ya yi ta ba abokan karawa haƙuri ba.

Na riga kowa komawa gida, na zuba wa rago harawa, na zauna bayan turke. Kafin magariba Baba Lawali ya shigo da kekensa ya kira ni. Na zo na tsuguna ina jiran faɗa kan gwiwar hannun Umaru. Ya dube ni ya ce, "Asumana, me ya kai ka? Umaru ko an ɗauke shi ko ba a ɗauke shi ba, kujerarsa tana nan a kwaleji. Ni don kai na bar aiki na zo. Da ka kayar da shi har tashi na yi tsaye." Da duka ya yi mini da ya fi sauƙi. Na shiga bayan ɗaki na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka raba ni da gida.

Da damina ta faɗi na koma ƙauye. Labarin ya riga ni isa, kuma mahaifiyata ta tare ni da murna, tana gaya wa maƙwabta ta gode Allah ba ta haifi marar kunya ba. Ban ga laifinta ba, don abin da ta sani ta ba ni, kuma da shi ta yi zaman duniya lafiya. Bayan girbi na bi kawu Ada. Shekara ashirin da wani abu na yi ina ɗaukar buhun wasu a kai, ina zuwa gida da damina ina komawa da rani. Umaru kuwa wata uku ya yi a Yamai ya ce abincinsu bai karɓe shi ba, ya dawo kwalejinsa, gurbin ya tafi a banza. Ya zama babban ma'aikaci. Mun haɗu a ta'aziyyar Baba Lawali, ya rungume ni, muka yi hirar da, na kawo zancen ranar nan. Ya yi ta ƙoƙari, amma bai tuna ba.

Yanzu na tsufa a Tawa, wuyana ba ya juyawa sai na juya da jiki duka. Filin an zuba masa siminti, babura na wucewa ta gefensa, yara na wasa da takalma masu launi. Jikata Hadiza tana cikinsu, kuma na ga ranar da ta tsaya a gaban ƴar shugaban makarantarsu ta ɗaga hannu ta doke ƙwallo, suka tashi suna dariya suka tafi gida tare. Nakan tsaya a bakin wayar da ta kewaye filin in yi kallo har su watse, wani lokaci in ji gwiwata tana son sauka da kanta. Ba na cewa zamaninsu ya fi namu, akwai abin da muka sani da ba su sani ba. Amma ina kewar yaron nan mai ƙafa, ina kuma so da an bar shi ya ga iyakar inda za ta kai shi. Ladabi na yi, ba shakka, sai dai har yau ban ga wanda ya amfana da shi ba.